Ƙaramar bindiga mai araha kuma marar nauyi don kare kai: muhawarar zauren Hausawa mazauna Amurka

Habibu (Houston):
Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni barci. Ina aikin dare a wani gidan mai da ke kudu maso yammacin Houston, ina tashi daga aiki ƙarfe huɗu na asuba, kuma a watan jiya wasu samari biyu suka tare abokin aikina a wurin ajiye motoci suka karɓe wayarsa da kuɗinsa. Na yanke shawarar mallakar ƙaramar bindiga wadda zan riƙa ɗauka a jikina kullum. Abin da nake da shi bai wuce dala 400 ba, kuma ina son marar nauyi wadda za ta shige aljihu ba tare da kowa ya lura ba. Ban taɓa harba bindiga ba a rayuwata. Wace iri kuke ganin ta dace da ni?

Alhaji Garba (Dallas):
Wa alaikumus salam. Habibu, Allah ya tsare gaba. Kafin a kai ga sunan kowace bindiga, ka faɗa mana matsayin takardunka da shekarunka, domin daga nan ne maganar take farawa. Dokar tarayya ta hana wanda ba shi da izinin zama mallakar bindiga ko harsashi, kuma ta hana wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, in ban da 'yan keɓance-keɓance kaɗan. Mai katin zama na dindindin da ɗan ƙasa su ne hanya ta buɗe musu. Sannan shago mai lasisi ba ya sayar da fistol ga wanda bai kai shekara 21 ba.

Habibu (Houston):
Alhaji, ranka ya daɗe, shekarata 34 kuma ina da girin kad, wato katin zama na dindindin, tun 2019. Ina da mata da yara uku, babbansu yana da shekara bakwai.

Malama Zainab (Atlanta):
Tunda girin kad gare ka, Malam Habibu, akwai abin da ya kamata ka riƙe da kyau. Ina aiki a ofishin lauyoyin shige da fice, kodayake ni ba lauya ba ce. A dokar shige da fice ta Amurka, duk wanda ba ɗan ƙasa ba da kotu ta samu da laifin da ya shafi saye ko mallaka ko ɗaukar bindiga ba bisa ƙa'ida ba, ana iya korarsa daga ƙasar ko da yana da katin dindindin. Ma'ana, kuskuren da ɗan ƙasa zai biya tara a kansa ya koma gida, kai yana iya raba ka da iyalinka. Idan ka je shago za a ba ka fom mai lamba 4473, a bincika sunanka a rumbun FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya. Ka cike shi da gaskiya, domin ƙarya a cikinsa babban laifi ne, kuma kada ka yarda wani ya saya maka da sunansa ko kai ka saya wa wani da naka. Tun 2022 hukuncin wannan saye na wakilci yana iya kai wa shekara 15 a gidan yari.

Injiniya Bashir (Columbus):
An yi bayanin doka, bari in amsa ainihin tambayar. A cikin kuɗin da ka ambata ko kusa da shi akwai zaɓi kamar uku. Na farko su ne na aljihu masu cin ƙaramin harsashin da ake kira .380, kuma wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Ruger LCP da ta fito a 2008. Nauyinta ba harsashi kusan gram 270 ne, wato kaɗan ta fi babbar wayar salula, tana ɗaukar harsashi shida da ɗaya a ɗane, kuma farashinta yakan tsaya ƙasa da dala 300. Ƙanwarta LCP Max, wadda ta fito a 2021, tana ɗaukar goma. Na biyu su ne ƙananan masu cin harsashin 9mm, wanda ya fi .380 ƙarfi. Sig Sauer P365 ce ta sauya kasuwar nan a 2018 da ta cusa harsashi goma a jiki mai nauyin wajen rabin kilo, daga nan Glock 43X da Springfield Hellcat suka biyo a 2019, sai Shield Plus ta Smith & Wesson a 2021. Waɗannan yawanci daga dala 400 ne zuwa 550. Na uku su ne masu araha irin Taurus G3C ta kamfanin Brazil, mai harsashi sha biyu, wadda ake samu wajen dala 250 zuwa 300, sai dai ta fi sauran kauri da nauyi. In da ni ne kai, Shield Plus zan jira in samu lokacin rangwame.

Mansur (Houston):
Ni kuwa ina ganin Yaya Bashir ya zagaya da nisa. Mutum ya ce marar nauyi mai shiga aljihu, kuma bindigar da ta fi amfani ita ce wadda take jikinka lokacin da abu ya faru. Na san mutane da yawa da suka sayi manya, suka ɗauka mako biyu, zafin Houston ya ishe su, suka jefa su cikin mota. Ya sayi 'yar .380 kawai ya huta.

Alhaji Garba (Dallas):
Mansur, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta ka faɗa, kuma rabin da ka bari shi ne ya ci ni kuɗi. Shekarata 26 a ƙasar nan, kuma bindigata ta farko irin ta aljihun nan ce, ba zan ambaci kamfanin ba. Na saye ta ne da irin tunanin Habibu, cewa ƙarama za ta fi sauƙi ga sabon shiga. Ranar da na fara kai ta filin koyon harbi, kafin in gama harsashi ashirin tsakanin babban yatsana da manuni ya yi ja wur, kuma daga taku bakwai rabin harbina bai taɓa takardar da ake saitawa ba.

Dalilin a fili yake. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke tura bindiga baya, kuma nauyin bindigar ne ke shanye wani ɓangare na wannan shuri. Idan ka rage nauyin, tafin hannunka ne zai karɓi ragowar. Ga mariƙinta gajere, yatsu biyu kawai ke samun wuri, ƙaramin yatsa yana reto a iska. Ga tazarar da ke tsakanin alamar saiti ta gaba da ta baya 'yar kaɗan, don haka ɗan karkacewar da ido ba ya gani a hannu sai ya zama babban kuskure a wurin da ake nufi. Bindigar da ke cizon hannu ba ka marmarin zuwa atisaye da ita, wanda ba ya atisaye kuwa ranar tsoro ba a san inda harsashinsa zai sauka ba, alhali a gidan mai akwai masu saye, akwai motoci, akwai famfunan fetur. Ƙananan nan na ƙwararru ne, duk da cewa sababbin shiga ne suka fi sayensu. Ni a ƙarshe na sayar da tawa da asara na koma 9mm mai nauyin rabin kilo da ɗoriya, kuma yau shekara da shekaru ban ji ta dame ni a ƙugu ba, saboda na samu bel da kube na kirki.

Mansur (Houston):
Na karɓi gyara a kan shurin, Alhaji, domin ni ma tawa ba na wuce harsashi talatin da ita a zama ɗaya. Amma ban janye cewa ita ce ke bin ni ko'ina ba, har da ranar da na fita da gajeren wando.

Injiniya Bashir (Columbus):
Akwai kuma batun kuɗin harsashi, wanda masu neman araha suke mantawa. Duk da cewa .380 ya fi ƙanƙanta, kwalinsa ya fi na 9mm tsada a kusan kowane shago, saboda 9mm shi ne na sojojin NATO da yawancin 'yan sanda, ana ƙera shi da yawan gaske. Ita kanta FBI ta koma amfani da shi wajen shekara goma da suka wuce bayan ta daɗe a kan harsashin .40. Wanda zai riƙa harba kwali biyu a wata, cikin shekara guda bambancin zai cinye rarar da ya samu wajen sayen bindigar.

Hajiya Rabi (Houston):
Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ban ga wanda ya koma kan jimlar da ta fi tsaya mini a rai ba, wato yara uku, babbansu ɗan shekara bakwai. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, kuma abin da idona ya gani ba zan zayyana shi a nan ba. Tun 2020 bindiga ce ke kan gaba wajen kashe yara da matasa a ƙasar nan, ta wuce haɗarin mota. A 2021 mutum fiye da 48,000 ne suka mutu ta hanyar bindiga, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. Wannan ba magana ce da muke son yi a tsakaninmu ba, amma baƙin ciki da ƙuncin zaman baƙunta ba su san Bahaushe ba.

Habibu, ƙanena, gidajenmu ba irin na Turawa ba ne. Yaran maƙwabta suna shiga, baƙi suna kwana, ana cire riga a rataye a ƙofa a shiga wanka. Ka dawo da asuba a gajiye, ka ajiye wando a kan kujera da bindiga a aljihu, ka yi barci, yara su tashi shirin makaranta. Yawancin ƙananan nan ba su da wani makullin hana harbi sai kunamar kanta, kuma yatsan yaro yana iya janta. A dokar Texas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Idan ba ka sayi akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba ko da zanen yatsa a rana ɗaya da bindigar ba, to ka bar ta a shago. Sannan ina tambaya, uwargida ta sani kuwa?

Habibu (Houston):
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Gaskiya ban gaya mata ba tukuna, na so sai na saya. Na ga kuskurena, yau zan zauna da ita.

Alhaji Garba (Dallas):
To tunda an zo nan, mu yi lissafi na gaskiya a kan dala 400 ɗin. Akwatin da Hajiya ta faɗa zai ci wajen 60 zuwa 120. Kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, wanda aka ƙera daidai da samfurin bindigarka, wajen 50 zuwa 80, kuma kada ka kuskura ka sayi na yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga. Bel mai ƙarfi wajen 50. Ajin koyo na farko da malami, da harsasan atisaye kamar ɗari uku, da kwali biyu na harsashin kare kai wanda dole ka gwada ka tabbatar bindigarka ba ta cijewa da shi, waɗannan za su kai wasu 200 ko fiye. Ka ga kuɗinka ya ƙare ba a taɓa bindigar ba. Shawarata ka kashe na hannunka a kan aji da akwati da lasisi yanzu, ka tara na bindiga cikin wata biyu. A filayen harbi ana ba da hayar bindigogi, ka biya kaɗan ka gwada huɗu ko biyar, hannunka zai faɗa maka abin da mu ba za mu iya faɗa maka ba.

Mansur (Houston):
Alhaji, wane lasisi kuma? Ai tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta ba wanda ya kai 21 damar ɗauka ba lasisi.

Alhaji Garba (Dallas):
Haka ne, amma lasisin yana nan kuma ni ban fasa sabunta nawa ba. Kuɗinsa dala 40 ne, ajin sa'a huɗu zuwa shida ne, kuma a nan ake koya maka inda aka hana shiga da makami da lokacin da doka ta yarda ka harba. Dokar tarayya ta hana ɗaukar bindiga a cikin tazarar ƙafa dubu daga makaranta, wato wajen mita 300, sai ga mai lasisin jihar, kuma a Houston da wuya ka yi tuƙin minti goma ba ka gifta makaranta ba. Jihohi da dama kuma suna karɓar lasisin Texas. Ga mai girin kad da baƙar fata da suna irin namu, wannan kati a walat ya fi dala 40 daraja nesa ba kusa ba.

Malam Isiyaku (Bronx):
Ku mutanen Texas kuna cikin wata duniya dabam. Mu a New York, ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 da ya soke sharaɗin sai ka nuna dalili na musamman, sai ka yi ajin sa'a 16 da sa'a biyu na harbi, ka biya kuɗi masu yawa, ka jira watanni, sannan an hana ɗauka a jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas da Times Square, kuma gidan harsashi ba ya wuce goma. Lasisin Texas ba ya aiki a nan, don haka wanda ya zo mana biki ko ta'aziyya da ita a mota, kansa ya jawo wa.

Amma abin da ya sa na yi magana shi ne 'yan sanda. Mu da muke unguwar nan a 1999 ba mu manta da Amadou Diallo ba, ɗan Gini, wanda 'yan sanda suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansa alhali walat ce a hannunsa. Philando Castile kuma a Minnesota a 2016 yana da lasisi, ya faɗa wa ɗan sanda da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, duk da haka aka kashe shi a cikin motarsa. Habibu, kai da kake tuƙi ƙarfe huɗu na dare, ka sani ranar da ka fara ɗauka, kowace tsayarwa ta sauya. Ka kunna fitilar cikin mota, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ka yi magana a hankali, kada ka miƙa hannu ko'ina sai an ce ka miƙa.

Sani Ɗan Maraɗi (Greensboro):
Ni tambayata ta sutura ce, don na ga kowa yana magana kamar kullum cikin jins muke. Ranar Juma'a da kaftani da wando mai zariya fa? Kuma yaya ake yi da ruku'u da sujada?

Injiniya Bashir (Columbus):
Tambaya mai kyau, Malam Sani. Zariya ba ta riƙe rabin kilo, wandon zai zazzago ko kuben ya kife. Masu ɗauka da kayan gida ko dai su ba tela ya sa wa wandon madaukan bel, ko su yi amfani da ɗamara mai faɗi da ake ɗaurawa a ciki, da sharaɗin tana da ɓangare mai tauri da ke rufe kunama. Doguwar riga tana ɓoye abu sosai, sai dai kai hannu ƙarƙashinta yana ɗaukar lokaci. Aljihun gefe na kaftani kuwa shi ne mafi haɗari, domin yana da faɗi, abu yana juyawa a ciki, kuma in ka duƙa yana iya zamewa ya faɗi a sahu. A nan ne 'yar aljihun Mansur take da hujja, muddin tana cikin kubenta kuma ba makulli ko tsabar kuɗi a aljihun. Duk kuben da ka saya, ka cire harsashi gaba ɗaya, ka duba sau biyu, ka gwada ruku'u da sujada da zaman tahiya a ɗaki kafin ka fita da shi.

Malam Isiyaku (Bronx):
A kan masallaci, a fara tambayar liman da kwamiti, domin wasu sun hana, wasu kuma sun naɗa masu tsaro na musamman. Kare rai da dukiya halas ne, hadisi ya tabbata cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, kuma ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Mai saurin fushi, wanda ke zage-zage a kan hanya in an sha gabansa, ya fara gyara wannan kafin ya je shago.

Hajiya Rabi (Houston):
Kuma ba wanda ya ambaci libarba, wato ƙaramar bindiga mai gidan harsashi mai juyawa. Ƙawata da ciwon gaɓɓai ya hana ta jan saman fistol don ɗana harsashi, irin ta Smith & Wesson 642 take riƙewa, mai harsashi biyar, nauyinta bai kai rabin kilo ba, kuma ba ta da tarkacen da za a koya da yawa.

Alhaji Garba (Dallas):
Libarba amintacciya ce, Hajiya, sai dai marar nauyin nan tana shuri ƙwarai kuma kunamarta tana da tauri, don haka ita ma tana son hannu da ya saba. Mai raunin hannu ya duba Shield EZ, wadda aka yi ta musamman don sauƙin jan samanta.

Habibu, saura abu biyu. Ka duba takardar ɗaukarka aiki, domin gidajen mai da yawa sun hana ma'aikaci riƙe makami a bakin aiki, kuma idan kana taɓa Uber ko Lyft, dukansu sun hana direba ɗaukar bindiga. Sannan kada wani ya yi tunanin kai ta gida hutu. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, fistol da libarba suna cikin jerin haramtattu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma ko harsashi guda da aka manta a jaka ya isa ya tsayar da mutum a filin jirgi.

Malama Zainab (Atlanta):
Malam Habibu, ina ƙara tunatarwa cewa abin da ya sami abokin aikinka ƙwacen waya ne, kuma ya koma gida da ransa. Ko harbin da doka ta yarda da shi yana zuwa da kamu da bincike da kuɗin lauya, kuma yana iya shafar neman zama ɗan ƙasa. Tunda katinka na 2019 ne, shekara biyar sun cika, me ya hana ka shigar da takardar neman zama ɗan ƙasa?

Habibu (Houston):
Malama, sakaci ne kawai da kuɗin fom, amma zan nemo lauya a kai. Na yi magana da maiɗakina bayan magariba. Ba ta ƙi ba, amma ta ce akwati ya riga bindiga shiga gidan, kuma ita ma za ta je ajin. Na duba takardar aikina, an hana riƙewa a cikin shago, don haka sai na tambayi manaja ko zan iya barinta a kulle cikin mota, ko kuma a sauya mini wurin ajiye mota zuwa gaban kyamara. Na yi rajistar ajin lasisi na Asabar ta sama. Alhaji, idan na je filin haya, waɗanne zan ce a ba ni, kuma harsashi nawa zan harba da kowace?

Alhaji Garba (Dallas):
Ka fara da babba kamar Glock 19 don hannunka ya san yadda harbi mai daɗi yake, sannan Shield Plus, da P365 ko 43X, da G3C idan suna da ita, ka rufe da 'yar aljihun Mansur. Harsashi goma-goma ya isa, daga taku biyar zuwa bakwai, kuma ka rubuta sunan kowace a kan takardarta ka ɗauko hoto mu gani. Ka ce a haɗa ka da malami na sa'a ɗaya tun da farko, kada ka shiga kai kaɗai. Mansur, kai da kake gari ɗaya da shi, ka raka shi.

Mansur (Houston):
An gama, Alhaji. Habibu, ka turo mini saƙo ta gefe mu tsayar da lokaci, kuma kada ka sayi abin toshe kunne da tabarau, ina da guda biyu-biyu.